Jirgin Kwal a Bayan Gidanmu

Ran Asabar da hantsi, in ba ni da aiki a asibiti, nakan ɗauki kofin shayina in hau bene in tsaya bakin tagar ɗakin yara. Daga nan ana hango layin dogo can ƙasan kwari, bayan wata katangar dutse da 'yan itatuwa. Usur ɗinsa ne ke fara isowa, siriri, daga wajen tashar Ingrow. Sai a ɗan ji shiru, don ya shige ramin da aka huda masa a ƙarƙashin unguwa. Can sai numfashinsa ya taso, cif, cif, cif, cif, da nauyi da tsari kamar 'yan mata na lugude. Farin tururi ya turnuƙe saman itatuwa, sannan baƙin kan jirgin ya ɓullo yana jan taragunsa, sandunan ƙarfen da ke haɗe da ƙafafunsa suna kai da komo. Duka-duka bai fi minti guda ba ya ɓace. Warin kwal da man giris ne ke saura a iska, su daɗe ba su tafi ba.

Shekara goma ke nan ina wannan tsayuwa, kuma har yau in na ji usur ɗin sai gabana ya ɗan motsa. Autata, wadda a nan aka haife ta, tun tana rarrafe ta san sautin. Yanzu ita ke riga ni zuwa taga tana kira, "Abba, ga shi nan, yi sauri!" Sai ta ɗaga hannu, na cikin taragu su ma su ɗago mata, tsofaffi da yara, mutanen da ba su san ta ba kuma ba za su sake ganinta ba. A ƙasar da maƙwabci kan wuce maƙwabcinsa da guntun murmushi kawai, wannan abu yana taɓa ni ƙwarai. Maiɗakina kuwa ta haddace lokutan wucewarsa saboda shanya, domin in iska ta juyo wajenmu, sai ka tarar da ɗige-ɗigen baƙi a jikin fararen kaya.

Garin da muke zaune sunansa Keighley, a yankin Yorkshire ta Yamma da ke arewacin Ingila, kusa da Bradford. Layin da ya bi bayan gidanmu shi ake kira Keighley and Worth Valley Railway, kuma ba wani dogon layi ba ne: mil 5 ne kacal, da tashoshi shida. Ya tashi daga Keighley, ya bi Ingrow, Damems, Oakworth da Haworth, ya tuƙe a ƙauyen Oxenhope. Tashar Damems ƙanƙanuwa ce, dandamalinta tsawon tarago ɗaya ne, kuma sai wani ya nemi sauka ko hawa jirgi ke tsaya mata. Haworth kuwa garin 'yan matan gidan Brontë ne, Charlotte da Emily da Anne, marubutan da har gobe baƙi ke zuwa daga nesa don ganin gidan da suka zauna. Jirgin ba ya wuce gudun mil 25 a sa'a, haka ƙa'ida take a irin waɗannan layuka, don haka cikin kamar minti 25 an kai ƙarshen hanya.

A 1867 aka buɗe layin, da kuɗin masu masaƙun ulu na kwarin, waɗanda ke son a kawo musu kwal a kwashe musu kaya. Da motoci suka yawaita, masaƙu kuma suka fara ja da baya, sai hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta ga layin ba ya biyan kansa. Ta daina ɗaukar fasinja a ƙarshen 1961, ta rufe shi gaba ɗaya a 1962. Shekara guda bayan haka rahoton Dokta Beeching ya fito, wanda ya jawo rufe dubban mil na layuka da ɗimbin tashoshi a faɗin ƙasar. Galibinsu an tumɓuke ƙarafan, ciyawa ta cinye hanyar. Mutanen wannan kwari suka ce nasu ba zai mutu ba. Suka kafa ƙungiya, suka yi ta kai gwauro suna kai mari da hukuma har ta yarda ta sayar musu a kan su biya kashi-kashi cikin shekara 25. Ranar 29 ga Yunin 1968 jirgi ya sake hawa kwarin. Bayan mako shida, ranar 11 ga Agusta, hukumar ta yi jigilar fasinja ta ƙarshe da jirgin kwal a manyan layukanta. Wato lokacin da ƙasa ke sallamar wannan fasaha, wasu malaman makaranta da akawuna da ma'aikatan masaƙa sun riga sun naɗe hannun riga sun karɓe ta. Ba su ne farau ba. Tun 1951 wasu suka yi haka da ƙaramin layin Talyllyn a yankin Wales, shi ne na farko a duniya da masu aikin sa kai suka ceto. Yau irin waɗannan layuka sun haura ɗari a Birtaniya. Namu ya ƙara suna ne a 1970, da aka ɗauki fim ɗin The Railway Children a tashar Oakworth, inda har yanzu fitilun gas ke ci, kuma da hannu ake buɗe ƙofar da ke tare motoci in jirgi zai gifta.

Wanda ya daɗe yana kallo daga taga, kunnensa kan koyi karatun jirgin. A bayan kan jirgin akwai murhu, inda kwal ke ci jawur. Zafin wutar yana ratsa bututai masu yawa da ke kwance cikin wata doguwar tukunya cike da ruwa, ruwan ya tafasa, tururi ya taru ba shi da mafita. In direba ya ja hannun da ke sakinsa, sai ya kwarara cikin silinda ya tura fistin gaba, ya sake turo shi baya, fistin kuma ya juya ƙafafu ta hanyar sandunan nan. Tururin da ya gama aikinsa sai a harba shi sama ta bututun hayaƙi, kuma wannan harbin shi ne cif-cif ɗin da ake ji. A jirgi mai silinda biyu, kowane juyi ɗaya na ƙafa bugu huɗu ne. Hikimar da ta fi burge ni ita ce, duk lokacin da tururin ya fita da ƙarfi yakan zuƙo iska ta cikin murhu, tamkar zugazugin maƙeri. Saboda haka in aiki ya yi wa jirgin nauyi, shi da kansa yake ƙara zuga wutarsa.

Layinmu hawa ne tun daga Keighley har Oxenhope, kusan mita 100 tsakanin ƙasa da sama, shi ya sa muke samun sautin da kyau. In yana hawa, gurnani yake har gilashin taga ya ɗan karkaɗa. In yana dawowa kuwa, da baya-baya yake gangarowa, ƙaramin taragon kwal da ruwa a gaba, ba ka jin komai sai ƙwal-ƙwal ɗin sanduna da kukan ƙafa a mahaɗar ƙarafa. Lokacin kaka, in ganye ya zuba a kan dogo aka kuma yi yayyafi, santsi kan kwashe shi. Sai ka ji bugun ya rikice, ya yi sauri fiye da kima, ƙafafu na wulwulawa a wuri ɗaya. Nan take direba zai rufe tururi, ya saki yashi a kan ƙarfe, ya sake lallaɓawa a hankali. Da safiyar hunturu kuma, in sanyi ya kai intaha, tururin kan tsaya a kwarin fari fat kamar an baza auduga, ya ɗauki lokaci bai watse ba. Farin nan ruwa ne kawai. Baƙin hayaƙi shi ne kwal ɗin da bai ƙone da kyau ba, kuma masu sana'ar ba sa alfahari da shi.

Wata rana na bi sawun jirgin har Haworth, inda rumfarsa take, don in ga masu wannan aiki. Abin da na tarar ya sa na daina yi masa kallon wasan masu hannu da shuni. Kusan duk wanda ka gani, daga direba da mai zuba kwal zuwa mai yankan tikiti da mai kula da sigina, aikin sa kai yake yi, ba a biyansa ko sisi. Wani dattijo da na tsaya kusa da shi, hannunsa baƙi ƙirin da toka, ya ba ni labarin yadda safiyarsu take. Ba a tayar da jirgin kwal da makulli. In tukunya ta huce sarai, tun jiya ake hura mata 'yar wuta da tsumma da katako don ƙarfe ya ɗumama a hankali, domin zafin gaggawa yana lahanta shi. Tun da asuba wani zai zo ya kwashe toka, ya shimfiɗa kwal, ya zauna jiran tururi na sa'o'i. Wani kuma ya shiga ramin da ke ƙarƙashin jirgin da butar mai, yana bin gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya. Kowa daga goge-goge yake farawa. Sai ya shekara da shekaru da tsumma a hannu kafin a ba shi shebur, ya ƙara wasu shekarun da shebur kafin a ba shi tuƙi, kuma kowane mataki da jarrabawarsa. Na ga 'yan mata matasa a cikinsu, fuska duk baƙi, suna koyo a hannun tsofaffi. Tsarin ya tuna mini da zaman yaro a gaban maƙeri ko maɗinki a garinmu, inda ba ka taɓa kayan aiki sai maigida ya ga hankalinka ya zauna.

Ita kanta tukunyar ba a barinta ta yi aiki yadda ta ga dama. Kusan duk shekara goma sai an sauke ta, an farke ta, masu bincike sun duba kafin a sake ba ta izini. Gyara irin wannan yakan ci dubban ɗaruruwan fam da shekaru masu yawa, kuma kuɗin daga tikiti da shayi da gudummawar jama'a yake fitowa. Shi ya sa jirgin da ka saba gani kan ɓace maka, sai ka tambaya a ce yana layin jiran gyara.

Cikin waɗanda na fi shaƙuwa da su a shekarun farko akwai mai lamba 43924, baƙi, marar ado, wanda aka ƙera a Derby a 1920 don jan kaya. Labarinsa ya isa a ba da shi. Da hukuma ta yi watsi da jiragen kwal, sai ta yi ta sayar da su ga 'yan gwangwan. Kusan 300 suka faɗa hannun kamfanin Woodham Brothers a garin Barry da ke kudancin Wales. Mai kamfanin, Dai Woodham, ya ga yanka tsofaffin taragun kaya ya fi sauƙi da saurin kawo kuɗi, sai ya bar kawunan jiragen jere a fili, iskar teku na lasarsu, tsatsa na ci. Wannan jinkiri shi ya zama rahama. Masu son jirage suka riƙa haɗa kuɗi suna zuwa suna fansa, har aka fitar da 213 daga wannan fili. Na farkon da ya fita, a 1968, shi ne 43924, kuma kwarinmu aka kawo shi.

A nan ne zancen ya iso gida. Mahaifina ma'aikacin reluwe ne a Zariya, kuma da shebur ya fara ciyar da mu. Ni ban riski zamanin ba, na buɗe ido ne jiragen dizal sun karɓe hanya, saboda haka ban taɓa ganin jirgin kwal yana tafiya a Najeriya ba. Abin da na sani labari ne da tabo. Akwai ƙuna a damtsen Baba na dama wadda ƙofar murhu ta bar masa. Yakan ba mu labarin tafiyar Kaura Namoda ta Funtuwa da Gusau a tsakiyar bazara, rana na dukan rufi, wuta na dukan fuska, mutum ya sha ruwan buta guda bai ji ya sha ba. Yakan ce kwal ɗin Inugu suke ƙonawa, gyaɗa da auduga da fatu suke ja zuwa teku. Muna yara, muna jin wannan kamar tatsuniya. Jirgi ya isa Kano tun 1911, kuma shi ya kwashe buhunan da aka gina dalar gyaɗa da su, wannan mun karanta a makaranta. Amma yadda mutum ke tsayuwa a kan ƙarfe mai rawa, ya ɗebo kwal ya juya ya watsa shi daidai kusurwar da wuta ke buƙata, idonsa ɗaya a kan gilashin da ke nuna ruwan tukunya, ya yi haka sa'a bayan sa'a, ban fahimci wannan ba sai da na tsaya a dandamalin Keighley na leƙa na ga wani yana yi. Ranar na koma gida jikina a sanyaye. Shekara arba'in ina cin gumin wannan aiki ban san kamanninsa ba.

Akwai ma wata dangantaka ta ƙarfe. Layinmu yana da wani babban kan jirgi mai lamba 90733, wanda masana'antar Vulcan Foundry ta garin Newton-le-Willows ta ƙera a 1945 don aikin yaƙin duniya na biyu. Ya yi aiki a Holan, aka sayar da shi ga Suwidin, sannan aka dawo da shi Ingila a 1973. Cikin irinsa 935 da aka ƙera, shi kaɗai ya rage. Ita wannan masana'anta ce kuma, a 1948, ta ƙera wa Najeriya wasu daga cikin manyan jiragen kwal da aka raɗa wa sunayen koguna. Dogon su Baba ya fi wannan tsukewa, domin faɗin layin Najeriya na da ƙafa uku da rabi ne, na Ingila kuwa ƙafa huɗu da inci takwas da rabi. Duk da haka, da na ga 90733 yana haɗa gumi a hawan Ingrow, na ji kamar na haɗu da ɗan uwan abokin aikin mahaifina.

Manyan baƙi ma sukan zo. A 2017, lokacin da layin ya cika shekara 150, aka kawo Flying Scotsman, koren jirgin nan da aka ƙera a Doncaster a 1923, wanda ya kafa tarihin gudun mil 100 a sa'a a 1934. Unguwarmu ta cika maƙil. Kowace gada da kowace katanga mutane ne da kyamarori, wasu da tsani, wasu da ɗan littafin da suke rubuta lambobin jirage tun suna yara. Kyakkyawa ne, babu musu, kuma da yake silindarsa uku ce, bugunsa shida ne a kowane juyi, kunne na jin bambancin. Amma ni dai zuciyata tana wajen baƙaƙen nan na jan kaya. Su ne suka yi dakon duniya ba wanda ya ɗauki hotonsu, kuma irinsu Baba ya yi wa hidima.

Ba zan ɓoye ba, abin yana da nasa nauyin. Ma'aikacin jinya ne ni, na san abin da hayaƙin kwal ya yi wa ƙirjin mutanen garuruwan nan a zamanin da kowane gida da kowace masaƙa ke ƙona shi, kuma ba na fatan wannan zamani ya dawo. Birtaniya ta rufe tasharta ta ƙarshe mai samar da lantarki da kwal a 2024. Mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales, wadda irin waɗannan layuka suka dogara da kwal ɗinta mai ƙarancin hayaƙi, ta rufe a 2023. Yanzu daga ƙetare ake sayo shi da tsada, ana kuma gwada wasu curarrun makamashi a madadinsa. In lokacin zafi ya yi tsanani ciyawa ta bushe, tartsatsi ɗaya daga bututu ya isa ya tayar da gobara a gefen hanya, sai a ajiye na kwal a fito da na dizal. A irin ranakun nan autata kan leƙa taga ta dawo da fuska a murtuke. A ganina, ɗan abin da 'yan jiragen nan ke ƙonawa a ƙarshen mako bai kai a kashe su saboda shi ba. Littafi zai iya gaya wa yaro yadda tururi ke juya ƙarfe, amma ba zai sa ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin ƙafarsa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne namu. An adana wasu ƙananan kawunan jirgi na tsohon layin Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, a gidan tarihi na Jos, kuma akwai gidan tarihin reluwe a Ebute Metta da ke Legas. Amma a tsaye suke, murhunsu a sanyaye. Mutanen da suka san yadda ake hura su suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, ilimin yana binsu kabari. Duk lokacin da na ga tsoho a Haworth yana riƙe hannun yarinya yana nuna mata yadda ake karkata shebur, sai in tuna Baba yana zaune a zaure a Tudun Wada, da duk wannan sani a kansa, ba mai tambayarsa.

Shi ya sa wata Lahadi na kira shi ana saura 'yan mintoci jirgi ya taso daga Ingrow. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, don Allah ka yi shiru ka saurara, akwai abin da nake so ka ji." Na buɗe taga na miƙa wayar waje. Sanyi na cizon hannuna. Usur ya tashi, aka yi shirun rami, sannan luguden ya fara, yana matsowa, yana ƙara nauyi, har ya cika kwarin. Ranar hayaƙin baƙi ne sosai. Na bari sai da tarago na ƙarshe ya shige bayan itatuwa kafin na mayar da wayar kunnena. Ban ji komai ba, har na zaci layi ya yanke.

"Baba, kana ji na?"

Ya yi gyaran murya. "Hawa yake yi," in ji shi.

"Hawa ne, Baba."

"Silinda biyu. Akwai kaya a bayansa." Ya ɗan tsaya. "Wane irin hayaƙi yake fitarwa?"

Na ce baƙi ne.

"To, yaron ya cika masa kwal. Kaɗan-kaɗan ake ba shi, a kai a kai, a bar wuta ta sha iska. In ka gan shi ka gaya masa."

Na ce in Allah ya yarda zan gaya masa. Sai na ji yana kiran ƙanena daga tsakar gida, yana cewa a duba masa agogo a rubuta lokacin a jikin kalanda. Sannan ya dawo kaina.

"Mako mai zuwa ma da wannan lokacin yake wucewa?"